Kowa na cewa sola ce kasuwar gobe: in zuba jarina ko in dakata?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: "Malam, ni ɗan Kantin Kwari ne, shekara 18 ina sayar da yadi. Na tara kamar naira miliyan 40 da nake so in buɗe wata harka daban da su. Duk inda na zauna ana cewa sola da batir da motoci masu caji su ne kasuwar gobe. Wani abokina na so mu haɗa kuɗi mu yi odar kwantenar farantan sola daga Sin, wani kuma yana kwaɗaita mini haƙar litiyam a Nasarawa. Yaya masana suke gane inda kasuwa ta dosa? Kuma wanne ya fi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka a zahiri biyu ce, kuma yawancin masu asara a wannan harka haɗa su suke yi wuri guda. Ta farko: shin amfani da sola da batir zai ci gaba da ƙaruwa? Ta biyu: idan ya ƙaru, aljihun wa ribar za ta shiga? Ta farkon amsarta ba ta da wuya, zai ƙaru. Ta biyun ce ta karya manyan attajiran duniya, waɗanda suka fi ni da kai kuɗi da masu ba da shawara. Ni aikina duba lissafin ƙananan kamfanoni da tsara musu takardun neman jari, kuma a 'yan shekarun nan rabin masu zuwa wurina 'yan sola ne, don haka abin da zan faɗa maka daga littattafansu na koye shi.

Yadda ake hasashen

Akwai wata ƙa'ida da masu nazarin masana'antu suka daɗe da sani. A 1936 wani injiniyan jiragen sama a Amurka, Theodore Wright, ya lura cewa duk lokacin da adadin jiragen da aka ƙera ya ninka, kuɗin ƙera guda ɗaya yana sauka da wani kaso da ba ya cika canzawa. Hannu yana sabawa, ana rage ɓarna, ana gyara injuna. Farantin sola ya bi wannan ƙa'ida fiye da kusan kowane kaya: duk ninkin adadin da aka ƙera a duniya, farashi yana sauka da wajen kashi 20 cikin 100. Tsakanin 2010 da 2020 ya faɗi da kusan kashi 90. Batirin litiyam ma haka: a 2010 ma'ajin wuta na kilowat-awa ɗaya ya haura dala 1,000, a 2024 ya dawo wajen dala 115.

Wannan shi ne ginshiƙin hasashen, kuma abin mamaki har manyan hukumomi sun sha kuskurensa. Hukumar makamashi ta duniya da ke Faris ta yi shekaru tana fitar da ƙiyasin yawan solar da za a kafa, kowace shekara gaskiya tana zarce ƙiyasin, ta gyara, a sake zarce ta. Ba jahilci ba ne. Sun riƙa kallon manufofin gwamnatoci, alhali abin da ke tura kasuwar farashi ne.

Saboda haka idan aka kawo mini sabuwar fasaha, abu uku nake tambaya. Shin kaya ne da ake bugawa da yawa a masana'anta iri ɗaya, kamar faranti da batir da kwan fitila, ko kuwa gini ne da kowanne sai an yi masa nasa tsari? Na farkon ne ke araha da sauri. Sannan, me mutum yake biya yau don biyan wannan buƙata? Sannan, idan gwamnati ta janye hannunta gobe, cinikin zai tsaya da ƙafarsa?

Tambaya ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a Najeriya, domin a nan sola ba da wutar Nepa take gasa ba, da janareta take yi. Dukan layin wutar ƙasar nan, ga mutum sama da miliyan 200, yana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Babu wani wa'azin sauyin yanayi da ya sayar da faranti kamar waɗannan ranaku biyu. Ɗauki misalin shago mai ƙona lita 5 a rana, a ce lita naira 900: naira 4,500 ke nan kullum, 117,000 a wata mai kwanakin kasuwa 26, kusan miliyan 1.4 a shekara. Idan haɗin solar da zai ɗauke masa wannan nauyi ya ci miliyan 3, cikin shekara biyu da 'yan watanni ya fanshe kuɗinsa. Mai shagon ba ya buƙatar masani ya gaya masa.

An ga irin wannan a Pakistan. Kuɗin wuta ya yi tsada, farantan Sin sun yi araha, a 2024 kaɗai ƙasar ta shigo da na wajen gigawat 17, wato megawat 17,000, ba tare da wani gagarumin shirin gwamnati ba. Manoma da masu masaƙu da magidanta ne kowa ya yi lissafinsa. Ina ganin hanyar da muke kai ke nan, sai dai namu zai fi tafiyar hawainiya saboda ƙarancin kuɗi a hannun jama'a.

Inda masu hasashen gaskiya suka yi asara

Yanzu ga abin da abokinka mai kwantena bai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Tsakanin 2006 da 2011 masu zuba jari a sababbin kamfanoni a Amurka sun zuba wajen dala biliyan 25 a fasahar makamashi mai tsabta. Wani nazari da aka yi a jami'ar MIT a 2016 ya nuna sun rasa fiye da rabi. Hasashensu bai yi kuskure ba, sola ta bunƙasa fiye da yadda suka zata. Bunƙasar ce ma ta cinye su.

Shahararren misali shi ne kamfanin Solyndra na Kalifoniya. Ya ƙirƙiro wani nau'in sola mai siffar bututu wanda ba ya buƙatar tataccen silikon, sinadarin da ake ƙera yawancin faranti da shi, a lokacin da kilon silikon ɗin ya haura dala 400 a 2008. Dabara ce mai kyau muddin silikon na tsada. Gwamnatin Amurka ta tsaya masa ya ci bashin dala miliyan 535. Sai masana'antun Sin suka buɗe, silikon ya faɗo ƙasa da dala 50 cikin shekara uku, a 2011 Solyndra ya rushe. Q-Cells na Jamus, wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya wajen ƙera ƙwayoyin sola, ya durƙushe a 2012. Kada ka ce Turawa ne kawai Sin ta kayar: Suntech na Sin ɗin kansa, shi ma tsohon na ɗaya a duniya, ya kasa biyan bashi a 2013. Kwanan nan Northvolt na Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa burin ƙera batirinta, ya tara biliyoyin daloli ya kuma karye a 2025.

Abin da ya haɗa su duka: suna sayar da kayan da farashinsa ke faɗuwa kowace shekara. Kai ɗan yadi ne, ka fi ni sanin wannan ciwo. Ka san yadda atamfar Sin ta yi wa masaƙun Kano da Kaduna, ka kuma san yadda leshin da aka yi rububinsa da ƙaramar salla yake zama kwantai kafin babba. To farantin sola yadi ne da yayinsa ke wucewa ba tare da launinsa ya canza ba. A 2023 kaɗai farashinsa a dala ya faɗi da kusan rabi, domin Sin, wadda ke riƙe da sama da kashi 80 na kowane mataki na ƙera shi, ta gina masana'antu fiye da abin da duniya ke iya saye.

'Yan kasuwarmu da yawa ba su ji wannan faɗuwa a jikinsu ba, saboda ta zo daidai da karyewar naira, daga wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayi kaya kafin nan ya ga kuɗinsa ya ninka a naira, ya ɗauka shi gwanin sola ne. Ba sola ce ta ba shi riba ba, canji ne. Da buhunan siminti ya ajiye ma da ya samu. Ranar da naira ta tsaya wuri ɗaya ko ta ɗan farfaɗo, faɗuwar farashin faranti a dala za ta fito fili.

Na ga haka da idona, kuma da hannuna a ciki. Wani mai shago da nake duba wa lissafi ya cika sito da batiran ruwa, irin dogayen nan, ni kuma na sa hannu a kan lissafin cewa za su ƙare cikin wata shida, domin haka cinikinsa na baya ya nuna. Abin da ban auna ba shi ne saurin da masu saye za su koma batirin litiyam da zarar tazarar farashi ta ragu. Masu haɗa sola, waɗanda su ne ke gaya wa magidanci abin da zai saya, suka juya kusan lokaci guda. Batirin ruwa kuma ba yadi ba ne, yana zaune yana lalacewa. Sai da aka karyar da kusan kashi ɗaya cikin uku ƙasa da yadda aka saro. Tun daga nan na daina dogara da cinikin bara. Ina zuwa in zauna da masu hawa rufi in ji abin da suke ba mutane shawara a kai wannan watan.

To ina ribar take?

Ga yadda nake kallonsa. Idan kaya na araha kullum, kada ka zama mai riƙe da shi, ka zama mai amfani da shi wajen sayar da wani abu da farashinsa ba ya faɗuwa. Faranti na araha, amma ƙanƙara a Kano a watan Afrilu ba ta araha, balle idan azumi ya faɗo cikin zafi. Ruwan ban-ruwa a Kadawa da Kura da fadamun Haɗejiya ba ya araha. Niƙa, sanyaya tumatir da kifi, ɗinki, cajin waya, wutar shago daga safe zuwa magariba, duk buƙatu ne da mutane suke biya tun kafin a san sola. Mai wannan sana'a, duk faɗuwar farashin faranti ƙarin riba ce gare shi. Mai kwantena kuwa ragi ne daga uwar kuɗinsa.

Famfon ban-ruwa mai sola shi ne misalin da ya fi burge ni, domin ba ya buƙatar batir, kuma batir shi ne ɓangare mafi tsada da saurin mutuwa a kowane haɗi. Rana ta fito, ruwa ya hau. Lokacin da shuka ta fi ƙishi shi ne lokacin da faranti ya fi ba da wuta. Manomin rani da ke sayen fetur jarka-jarka ya san ainihin abin da yake kashewa. Matsalarsa ɗaya ce, ba shi da kuɗin saye a dunƙule, sai bayan girbi. Wanda ya iya ba shi famfo ya karɓi kuɗi kashi-kashi, ta hanyar murabaha ko haya, yana da kasuwa.

Amma a nan ne wahalar take, kuma ba zan ɓoye maka ba. Da zarar ka shiga ba da kaya a biya sannu a hankali, ka bar sana'ar sola ka shiga sana'ar bin bashi. Kamfanin M-KOPA ya yi nasara da wannan tsari a Kenya saboda ya tarar da mutane sun saba biya ta waya, kuma na'urar tana kulle kanta idan ba a biya ba. Mobisol na Jamus, mai irin wannan sana'a a Tanzaniya da Ruwanda, ya shiga matsalar kuɗi a 2019 har Engie na Faransa ya saye shi. Fasaha iri ɗaya, bambancin yana wajen karɓar kuɗi da tsadar jarin da aka ranto. Kai a nan kana da abin da waɗannan kamfanoni suke kashe miliyoyi su samu: shekara 18 kana ba 'yan sari kaya bashi, ka san wanda ke cika alkawari da wanda sai an kai shi gaban shugaban layi. Wannan sanin ya fi miliyan 40 ɗinka daraja a harkar. Kuma tunda kuɗinka ne ba na banki ba, ka tsira daga ruwan da ya haura kashi 30 bayan Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Babu harkar solar da za ta iya ɗaukar wannan.

Akwai kuma ɓangaren da ake rainawa, gyara da kulawa. Ƙurar hunturu tana rage wutar faranti sosai idan ba a wanke shi, zafin Arewa yana gajarta ran batir da inbata, kuma rabin haɗin da nake gani a gidaje an yi shi ne da siraran wayoyi da kayan da lambar da ke jikinsu ƙarya ce. Duk farantin da aka ɗora yau, abokin ciniki ne na shekara 20 ga wanda ya iya aiki kuma ba ya ha'inci. Ba sana'a ce mai ƙyalli ba, babu wanda zai kira ka taro a Abuja saboda ita.

Manyan ayyuka kuwa, irin tashar megawat 10 ta Kumbotso da aka buɗe a farkon 2023, ko ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 tun 2019, ko ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, ba filin mai miliyan 40 ba ne. Haka shirin DARES da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 750 ta hannun hukumar kai wuta karkara: tallafin yana zuwa ne bayan kamfani ya gama aiki da kuɗinsa an tantance, don haka mai ƙaramin jari yana iya mutuwa yana jira. In za ka ci daga irin waɗannan, ta hanyar yi wa manyan kamfanonin ƙaramin aiki ne.

Maganar litiyam

Wannan ba zan daɗe a kai ba. Gaskiya ne akwai litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara, kuma an buɗe masana'antar tace shi a Nasarawa a 2024 da jarin 'yan Sin. Amma farashinsa a duniya ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022 sannan ya faɗi da wajen kashi 80 cikin shekara biyu, alhali motoci masu caji sai ƙaruwa suke. Ga darasin nan ya sake dawowa. Ƙari a kan haka, ma'adinai a tsarin mulkin Najeriya na gwamnatin tarayya ne, haƙa ba lasisi laifi ne, ga rikicin fili da na tsaro, kuma masu saye ba su da yawa, su ke auna ingancin dutsen su kuma yanka farashi. Ka tuna da bini-da-zugu. Wajen 2007 duniya ta ɗauka man 'ya'yansa zai maye gurbin man gas, har kamfanin mai na BP ya shiga haɗin gwiwa a kai, aka shuka dubban kadada a Afirka da Indiya. Shukar da muke shinge da ita tana rayuwa a busasshiyar ƙasa, amma ba ta 'ya'yan kirki sai da ruwa da taki. BP ya fice a 2009.

Abin da hasashe ba ya gani

Duk lissafin da na yi maka yana rataye ne a kan abubuwan da alƙalamin mutum ɗaya zai iya juyawa. Sa hannu guda ya cire tallafin mai, wani sa hannun zai iya dawo da shi ta bayan gida. A 2025 an yi ta maganar hana shigo da farantan waje don a ƙarfafa na gida. In aka yi, mai kwantena a sito ya ci riba dare ɗaya, mai jiran kaya a teku ya shiga uku. Mutanen Nijar sun ga nasu a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, kasuwar faranti a Yamai ta tashi ba wanda ya hango. Masani zai iya gaya maka alƙiblar shekara goma da ƙarfin gwiwa, amma ba zai iya gaya maka farashin wata shida ba, kuma ɗan kasuwa a cikin wata shidan yake rayuwa ko ya mutu. Sannan ban ga littafinka ba, ban san nauyin iyali da bashin da ke kanka ba. Abin da nake faɗa na gaba ɗaya ne.

Da ni ne kai, Alhaji, ba zan taɓa jarin yadi ba, ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan randa. Daga miliyan 40 ɗin zan fara da abin da bai wuce 10 ba. Farko in ɗora sola a shagona da gidana, in riƙa rubuta abin da na daina kashewa a mai kowane mako, domin in san gaskiyar lissafin da jikina. Sannan in nemi mai haɗa sola guda ɗaya wanda na je na ga ayyukansa na shekara uku da suka wuce, ba na makon jiya ba, na kuma tambayi masu gidajen. Da shi za mu ɗora wa shaguna goma ko goma sha biyar a layinku, mutanen da ka san cinikinsu, su riƙa biya duk mako ƙasa da abin da suke ba mai janareta, da yarjejeniya a rubuce da shaidu, kayan kuma naka ne har a gama biya. Kaya a saye su a Kano ko Legas daidai buƙatar aikin da ke hannu, ko da ya ɗan fi odar Sin tsada. Wannan ɗan bambancin shi ne kuɗin barcinka.

Ka ba shi shekara guda cur, ya ratsa hunturu da bazara da damina da watan da kasuwa ta mutu. Abin da za ka duba a ƙarshe lamba biyu ce: cikin kowace naira 100 da ya kamata a biya ka, nawa ta shigo a kan lokaci, kuma sau nawa aka kira mai gyara. Idan ta farkon ta haura 90, ka kira abokin naka mai kwantena ku sake zama, domin a lokacin kana da inda za ka kai kayan kafin jirgi ya taso.